Daga Takadda zuwa Duwatsun Andis: Tarihin Tagullar da Ke Shigowa Sakkwato

Kalmar “kwabo”, wadda muke rantsuwa da ita cewa ba mu da ko ɗaya, asalinta sunan jan ƙarfe ne a harshen Ingilishi, bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi. Da aka sauya kuɗin Nijeriya ranar 1 ga Janairu 1973, sunan ya bi sabon kuɗin, shi kansa kwabon kuma da gaurayen tagulla aka buga shi. Yau kwabo ya ɓace daga kasuwa, amma ƙarfen da ya ba shi suna ya fi kowane lokaci yawa a birnin Sakkwato. Yana cikin wayar da ke bangon ɗaki, da naɗin fanka, da janareta, da injin ban-ruwa a fadamar Rima, da cikin taransifomar unguwa. Duk da haka, babu ko giram ɗaya daga cikinsa da aka haƙo a ƙasar Sakkwato.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun kafin Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, tagulla baƙuwa ce a ƙasar Hausa: ayari ne ke kawo ta, maƙeran fari su sarrafa ta su yi mundaye da awarwaro da tasoshi da kayan doki. Abin da ya sauya shi ne inda take fitowa da irin dutsen da ake tatso ta daga cikinsa. Tarihin wannan sauyi ya bayyana dalilin da ya sa wasu ƙasashe ke da tagulla wasu ba su da ita, ya kuma nuna abin da ya kamata mu tambaya duk lokacin da aka yi mana albishir da arzikin ƙarƙashin ƙasa.

Bahaushe kan kira jan ƙarfe tsantsa da gaurayensa duka da suna tagulla ko gaci. A nan, in an ce tagulla, jan ƙarfen tsantsa ake nufi. In an gauraya ta da kuza ko tutiya, za a faɗa.

Garin da ake cefane da sandar ƙarfe

A 1353, matafiyin nan na Maroko, Ibn Baɗuɗa, ya sauka a wani gari mai suna Takadda a kan hanyarsa ta komawa gida daga Mali. Ya ce mahaƙar tagulla tana bayan gari, ana haƙo dutsen a kawo shi cikin gida, bayi maza da mata su narka. In ta narke sai a zuba ta sanduna, tsawon kowace kamar taƙi ɗaya da rabi, wasu masu kauri wasu sirara. Masu kauri 400 ne ke sayen miskali ɗaya na zinariya, sirara kuwa 600 zuwa 700. Da sirara ake sayen nama da itacen girki, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi. Ya kuma lura cewa ruwan garin ya sauya launi da ɗanɗano saboda yana bi ta kan ma'adinin.

Abin da ya fi shafar mu shi ne inda ya ce ana kai tagullar. Ya ambaci Barno, tafiyar kwana 40, ya kuma ambaci wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda mafi yawan masana tarihi suka ɗauka Gobir ce. Wannan yana cikin daɗaɗɗun rubuce-rubucen da suka ambaci wata ƙasar Hausa da sunanta, kuma tagulla ce ta jawo ambaton. A lokacin Gobirawa suna can arewa, ƙarnuka kafin su gangaro kwarin Rima su kafa Alƙalawa, birnin da rundunar jihadi ta ci a 1808, wanda kufansa ke cikin Jihar Sakkwato ta yau.

An daɗe ana gardama kan inda Takadda take, har wasu suka ce Ibn Baɗuɗa ya ruɗe ne, gishiri ya gani ba tagulla ba. Binciken da masana Faransawa, ciki har da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer, suka yi a shekarun 1970 ya karkatar da ra'ayi zuwa kufan Azelik, arewa maso yamma da Agadas. A can aka sami kufan masallatai da maƙabartu, da duwatsun niƙa, da ƙananan tukwanen narka ƙarfe. Dutsen wurin bai cika albarka ba: siririn shimfiɗaɗɗen dutse ne mai ɗauke da 'yan ƙwayoyin tagulla a warwatse. Sai an farfasa shi, an daka, an niƙe, an tsince ƙwayoyin, sannan a narka. Aiki ne mai cin ƙarfin mutum, kuma Ibn Baɗuɗa ya gaya mana waɗanda ke yin sa. Shi kansa ayarin da ya bi ya bar garin yana ɗauke da kuyangi kimanin 600.

Arzikin tagulla ya tara malamai a Takadda. A nan Shaihu Muhammadu al-Magili ya yada zango wajen ƙarshen ƙarni na 15, kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma rubuce-rubucensa na daga cikin waɗanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fi kafa hujja da su bayan shekara 300. Amma garin bai daɗe ba bayan wannan. Ma'adinin ya yi ƙaranci, ikon yankin ya koma hannun sarakunan Agadas, kuma labarin baka na mutanen Ingal ya ce yaƙi da Agadas ne ya tarwatsa Azelik, waɗanda suka tsira suka koma sana'ar gishiri da dabino.

Zamanin ayari

Ko a lokacin da Takadda ke ganiyarta, ba ta ishi Afirka ta Yamma ba. A 1964 masanin hamada Théodore Monod ya tono kayan wani ayari da aka binne a cikin rairayin Muritaniya tun wajen ƙarni na 12: sandunan gaurayen tagulla da tutiya 2,085, nauyinsu ya kusa tan ɗaya, tare da tarin wuri. Daga arewa suka fito, kudu suka nufa, ba su isa ba. A Durɓi ta Kusheyi kuma, kusa da Mani a ƙasar Katsina, tonon da aka yi a 1907 da 1992 ya fito da manyan mutane da aka binne da mundayen tagulla da tasoshin da suka ƙetaro hamada. A wancan zamani tagulla alamar sarauta ce, domin ta fi zinariya wuyar samu a wasu sassan yankin.

Zamanin Daular Usmaniyya ma haka abin yake. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zauna a Kano a 1851 ya kuma iso Sakkwato a 1853, ya lissafa hanyoyi biyu da tagulla ke shigowa kasuwar Kano. Ta farko daga Tarabulus, tsohuwar tagulla kimanin kaya 50 a shekara tare da tutiya. Ta biyu daga gabas, inda fataken Wadai ke kawo ta daga mahaƙar Hufratun Nahas da ke kudu da Darfur. Daga Kano take rarrabuwa zuwa sauran biranen daula. Abin da ƙasarmu ke da shi a gida shi ne tama, wadda kusan kowace gunduma ke narkawa, da kuza ta Riruwai.

Shekarar 1903 a wurare biyu

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Bayan wata uku, a Jihar Yuta ta Amurka, wani injiniya mai suna Daniel Jackling ya kafa kamfani domin haƙar wani tsauni a kwarin Bingam. Babu wanda zai haɗa waɗannan abubuwa biyu a lokacin, amma na biyun shi ya yanke hukuncin irin tagullar da jikokin mayaƙan Giginya za su riƙa amfani da ita.

Kafin Jackling, mahaƙa kan bi jijiyar ma'adini mai albarka, su kutsa cikin ƙasa suna tsintar dutse mai kyau suna barin sauran. Amma wayar tangaraho da wutar lantarki, wadda aka fara rarrabawa a birnin Niyok a 1882, sun buɗe wata yunwar tagulla da jijiyoyin nan ba za su iya ƙosarwa ba. Tsaunin Bingam yana da tagulla kimanin kashi 2 cikin 100 kacal, a warwatse cikin dutse kamar gishiri a miya, kuma manyan masana na ganin ba shi da amfani. Lissafin Jackling shi ne: in ba za a iya tsince mai kyau ba, a niƙe tsaunin gaba ɗaya. A 1906 ya sa injunan haƙa masu aiki da tururi, ya shimfiɗa layin dogo har bakin rami. Yau wurin da tsaunin yake ya zama rami mai zurfin fiye da kilomita ɗaya, faɗinsa kuwa kusan kilomita 4, kuma har yanzu ana haƙa.

Dabara ta biyu da ta cika aikin daga Ostareliya ta fito a daidai waɗannan shekaru. Ana niƙe dutsen ya zama gari, a dama da ruwa, a zuba ɗan sinadari mai maiƙo, sannan a hura iska daga ƙasa. Ƙwayoyin da ke ɗauke da tagulla sai su manne wa kumfa su taso sama a kwashe, garin dutse ya nutse. Sheƙa ce irin wadda mata ke yi a masussuka, sai dai a nan tsabar ce ke tashi, ƙaiƙayin ya zauna. Da waɗannan dabaru biyu, dutsen da a da ake zubarwa ya zama tushen kimanin kashi 60 cikin 100 na tagullar da duniya ke haƙowa.

Yadda dutsen fofiri ke samuwa

Masana suna kiran irin wannan ma'adini da tagullar fofiri. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin launin shunayya, saboda wani dutse da sarakunan Rum ke sassaƙowa daga Jabal Dukhan a Masar. Daga baya ya zama sunan duk wani dutse mai manyan ƙwayoyi a nutse cikin laushin jiki, kamar barzajjen hatsi a cikin ƙullu. Wannan kama tana ba da labari: dutsen ya fara daskarewa a hankali a can ƙasa, manyan ƙwayoyi suka girma, sannan wani abu ya sa ragowar ta daskare farat ɗaya.

Ɓawon duniya ba dunƙule ɗaya ba ne. Faifai ne manya-manya da ke motsi da 'yan santimita a shekara. A gaɓar yammacin Amurka ta Kudu, faifan da ke ƙarƙashin tekun Fasifik yana nutsewa ƙarƙashin nahiyar, ɗauke da ruwan da duwatsunsa suka sha na miliyoyin shekaru. In ya kai zurfin kimanin kilomita 100, zafi da matsi sukan tatse ruwan, ya haura cikin dutsen da ke samansa. Ruwa yana rage zafin da dutse ke buƙata kafin ya narke, kamar yadda kanwa ke saurin nunar da wake. Sai narkakken dutse ya samu, mai ɗauke da ruwa da gishiri da farar wuta da ɗan abin da ba a rasa ba na tagulla.

Wani sashe na narkakken dutsen yakan fito fili ya zama dutse mai aman wuta. Wani sashen kuwa yakan tsaya a wani babban rumbu da ke kilomita 5 zuwa 15 a ƙarƙashin ƙasa, daga nan 'yan yatsu su miƙe sama har su rage kilomita 1 zuwa 4 su ɓullo. Yayin da rumbun ke hucewa, ƙwayoyin dutse suna girma amma ba sa karɓar ruwa, don haka ruwan yana taruwa a ƙwanƙolin yatsan, matsi yana ƙaruwa kamar tukunyar da aka liƙe wa murfi. Ranar da rufin ya kasa, sai dutsen ya tsattsage gida dubu-dubu. Ruwan ya kufce, ragowar narkakken dutsen ta daskare nan take. Abin da ya ba shi kamar fofiri ke nan.

Wannan ruwa ba irin na rijiya ba ne. Zafinsa ya haura digiri 600, wani sashensa kuma ya fi ruwan teku gishiri nesa ba kusa ba. Sinadarin da ke cikin gishiri shi ke riƙe tagulla a narke, ya ɗauko ta daga rumbu mai girman ɗaruruwan kilomita murabba'i ya tattara ta a wuri ɗaya. Da ruwan ya kutsa cikin tsagogin ya huce zuwa wajen digiri 400, sai ƙarfinsa na riƙe tagulla ya faɗi warwas, ta haɗu da farar wuta da baƙin ƙarfe ta zauna. Sakamakon shi ne dutse mai faɗin kilomita ɗaya ko biyu, cike da siraran jijiyoyi da suka sarƙe kamar komar masunta.

Sinadaran da ke cikin jijiya

Babban ma'adinin da ke cikin jijiyoyin nan shi ne kalkofirit, mai launin rawaya da ƙyalli, wanda kan ruɗi mutane su zaci zinariya ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa tagulla ne, sauran baƙin ƙarfe da farar wuta. A tsakiya, inda zafi ya fi yawa, akan sami bonait, mai tagulla kimanin kashi 63 cikin 100. A gefe-gefe kuma firit ne ya fi yawa, wanda baƙin ƙarfe ne da farar wuta kawai, babu tagulla. Tare da su akan sami ɗan zinariya da azurfa da wani ƙarfe mai suna molibdinom da ake ƙara wa baƙin ƙarfe ƙwari da shi.

Ruwan zafin yana sauya dutsen da ya ratsa, kuma sauyin yana da tsari kamar ɓawon albasa. A ciki dutsen kan yi ja-ja ko duhu saboda sinadarin fotasiyam. Sama da haka, inda ruwan ya yi tsami, dutsen kan kode ya yi fari da laushi, wani wurin har ya koma yumɓu. A can waje kuma yakan yi kore-kore. A 1970 wasu masana biyu na Amurka, David Lowell da John Guilbert, suka tsara wannan a matsayin taswira: in ka ga koren dutse, ka san kana bakin gefe, ka nemi inda fari yake, daga nan ka doshi tsakiya. Da wannan fahimta Lowell ya jagoranci binciken da ya gano Eskondida a hamadar Atakama ta ƙasar Cile a 1981, mahaƙar da ta fi kowace fitar da tagulla a duniya yau.

Akwai mataki na ƙarshe da ruwan sama ke yi. In zaizaya ta kusanto da ma'adinin fili, iska da ruwa sukan cinye firit su haifar da ruwa mai tsananin tsami. Wannan ruwa ya narkar da tagullar sama ya gangara da ita zuwa inda ruwan ƙasa ke kwance, a can ta sake zama a matsayin kalkosit, mai tagulla kusan kashi 80 cikin 100. A sama kuma akan bar jan tsatsa da koren dutsen malakit, wanda shi ne ya fara jan idon mutanen da. Albarkar manyan mahaƙun Cile ta ninku ne ta wannan hanya, bushewar Atakama kuma ta adana ta.

Duk da haka, matsakaicin abin da ake samu a irin waɗannan mahaƙu yau bai cika wuce rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 ba. A kan rabin kashi, dutse mai nauyin buhun siminti yana ba da tagulla giram 250. A kowane tan, kilo 5 ne amfani, kilo 995 shara ce da sai an nema mata wurin zubarwa har abada.

Abin da ke ƙarƙashin Sakkwato

To me ya hana mu samun irin wannan? Dalilai biyu ne, wuri da shekaru.

Birnin Sakkwato yana zaune ne a kudancin wani ƙaton kwari da masana ke kira Iyullemedan, wanda ya miƙe har Nijar da Mali. Daga kimanin shekara miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce, wani reshen teku ya sha malalowa daga arewa ya rufe yankin. Laka da yashi da ɓawon halittun ruwa suka kwanta hawa-hawa, kuma masana sun raɗa wa hawan nan sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Har wani dodon ruwa da aka tono ƙasusuwansa an sa masa sunan Goronyo. Babu faifan da ya nutse a nan, babu narkakken dutsen da ya taso. Abin da tekun ya bar mana shi ne farar ƙasar Kalambaina, wadda aka kafa kamfanin siminti dominta a 1962 ya fara aiki a 1967, da sinadarin takin zamani a hawan Dange, da yumɓu.

Azelik tana gefen arewa maso gabas na wannan kwari ɗaya. Tagullarta ba ta fofiri ba ce: ruwan ƙasa mai sanyi ne ya ratsa yashi ya ajiye ta kaɗan-kaɗan. Manyan 'yan'uwanta su ne ma'adinan Kwango da Zambiya. Ruwan da ya ajiye tagullar Azelik ya ajiye yuraniyam ma a yankin, shi ya sa a 2007 aka kafa kamfanin haɗin gwiwar Nijar da Sin domin haƙar sa a wurin, ya yi 'yan shekaru yana aiki ya tsaya.

In ka nufi gabas daga Sakkwato, wajen Talatar Mafara da Gusau, sai ka fita daga kwarin ka hau tsohon dutsen gindi. A nan faifai sun taɓa yin karo, amma kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ma'adinin fofiri kusa da sama yake samuwa, don haka zaizaya ba ta daɗewa ta share shi. Eskondida da Cukikamata da Bingam duk shekarunsu tsakanin miliyan 30 ne da 40, Girasbag ta Indunusiya kuwa miliyan 3 kacal. Namu duwatsun an riga an aske kilomitoci daga kansu. Dutsen Kwatarkwashi da matafiyi ke hange a hanyar Gusau saiwar tsauni ce da ta daskare can cikin ƙasa, rassan sun tafi tuntuni. 'Yan tsirarun tsoffin ma'adinan fofiri sun tsira a Afirka ta Yamma, kamar na Gawa a Burkina Faso, amma ba su zama manyan mahaƙu ba. Jerin duwatsun da suka taso daga baya, daga Azbin ta Damagaram zuwa Riruwai da Jos, a tsakiyar faifai suka ɓullo, kuza suka kawo.

Wa ke biyan kuɗin niƙa?

Takadda da Bingam sun yi nisa da juna a wuri da zamani, amma matsalarsu ɗaya ce: ƙarfe kaɗan a cikin dutse mai yawa. Wanda duk zai ci ribarsa sai ya sami abin da zai niƙa dutsen da araha. Takadda ta niƙa da hannun bayi. Mahaƙun yau suna niƙawa da lantarki da ruwa da jarin biliyoyin dala, har Eskondida ta kai ga tace ruwan teku tana tura shi fiye da kilomita 150 zuwa tudu mai tsayin mita 3,000. Ko bayan an kwashe kumfar, abin da aka samu tagulla kashi 25 zuwa 30 ne cikin 100. Sai an narka shi a zafin digiri 1,200, an kore farar wuta, an sake tacewa da lantarki, kafin a sami wadda za ta yi waya. Kusan rabin wannan aiki na ƙarshe a ƙasar Sin ake yin sa. Ita kanta Cile, mai fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tagullar duniya, sai a 1971 ta karɓe manyan mahaƙunta daga hannun kamfanonin Amurka.

Mun ga abin da ke faruwa in aka ɗora kuɗin niƙa a kan gidaje. A 2010, a ƙauyukan Bagega da Dareta da 'Yargalma na Jihar Zamfara, mutane sun riƙa kai dutsen zinariya cikin gida suna daka shi a turmi suna niƙawa a injin hatsi. Jijiyar da ta kawo zinariyar ta zo da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Ilimin sinadaran dutse da ya isa ya yi gargaɗi yana nan tun da daɗewa, bai isa ƙauyen ba ne kawai sai bayan an yi jana'iza.

Saboda haka, idan aka kawo wa mai karatu koren dutse a leda, ko wani jami'i ya sanar da cewa an gano tagulla mai ɗimbin yawa a wata ƙaramar hukuma, akwai tambayoyin da suka fi murna amfani. A cikin wane irin dutse aka same ta, kuma shekarunsa nawa? Kilo nawa ne a kowane tan, kuma tan nawa ne, bisa shaidar ramukan bincike nawa? Koren dutse ɗaya yana iya nuna kashi 30 cikin 100 a ɗakin gwaji, alhali jijiyar da ya fito daga ciki ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Me ke tare da ita, dalma ko arsanik? Wa zai niƙa, da wane ruwa da wace wuta, kuma ina za a zuba sharar? Hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya tana da ɗakunan gwaji a Kaduna, kuma gwajin samfur ya fi sayar da gona araha.

Tagullar da Sakkwato ta mallaka da gaske ita ce wadda ta riga ta saya. Ƙarfe ne da ake narkawa a sake narkawa ba tare da ya rage daraja ba, kuma sake narka shi ba ya cin ko rabin makamashin da haƙo sabo ke ci. 'Yan gwangwan sun san haka, shi ya sa jan waya ta fi komai tsada a kan sikelinsu. Ɓarayin da ke farke taransifoma cikin dare su bar unguwa wata da watanni a duhu su ma sun sani. Kowane kilo da suka zare ya fito ne daga dutse kilo 200 da aka fasa a wata nahiya, aka niƙa, aka narka, aka ɗauko ta teku da mota har bakin Rima. Tsara cinikin tsohon ƙarfe ta yadda za a san mai sayarwa da inda ya samo kayansa, da hana yara ƙona waya suna shaƙar hayaƙinta, aiki ne da gwamnatin jiha da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya farawa ba tare da jiran wani bincike na ƙarƙashin ƙasa ba.